Daga Jiƙo da Tsimi Zuwa Injin Zamani: Hanyoyin Tatsar Sinadaran Magani Daga Tsirrai Ba Tare da Cutar da Muhalli Ba

Tsakure

Kowane magani da aka samo daga tsiro, sai an bi wata hanya an raba sinadarin da ake nema da sauran jikin tsiron. Fiye da shekara 100 masana'antu suna yin wannan aiki da sinadaran da aka samo daga man fetur, waɗanda suke cutar da ma'aikata, suke kuma gurɓata iska da ruwa. Wannan maƙala ta yi bayanin hanyoyi biyar da kimiyyar zamani ta ɓullo da su domin rage wannan illa, tare da yadda kowace take aiki da kuma inda ta gaza. An kawo tarihin gano maganin zazzaɓin cizon sauro na atemisinin a ƙasar Sin domin nuna cewa hanyar sarrafa tsiro tana iya raya magani ko ta kashe shi. Daga nan maƙalar ta jawo hankalin manazarta Hausa ga muhimmancin taskace kalmomin sarrafa magani, irin su jiƙo da tsimi da sirace, da irin kulawar da ake ba sunayen tsirrai.

Fitilun Kalmomi: Tatsa, Manarki, Tsirrai, Muhalli, Magungunan Gargajiya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jiƙa sassaƙen maɗaci ya kwana, ko ya tafasa ganyen darbejiya domin sirace, ya yi irin aikin da masana kimiyyar sinadarai suke yi a ɗakunan bincikensu, wato fitar da abin da ke da amfani daga jikin tsiro a bar tuƙa. A wannan maƙala an kira wannan aiki da suna tatsa. Shi kuwa ruwan da ake zuba tsiron a ciki domin ya janyo sinadarin, ko ruwan sha ne ko mai ko wani abu daban, an kira shi manarki, jam'insa manarkai.

Tun farkon ƙarni na 19 Turawa suka fara ware sinadari guda daga cikin tsiro. Wani mai haɗa magunguna Bajamushe, Friedrich Sertürner, ya ware mofin wajejen shekarar 1805. A shekarar 1820 kuma Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka ware kwinin daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka. Daga nan aikin ya tashi daga hannun ɗaiɗaikun mutane ya koma na manyan masana'antu, buƙatar manarkai masu ƙarfi da arha ta ƙaru. An samu biyan buƙata, amma ma'aikata da muhalli sun ɗanɗana kuɗarsu.

A shekarar 1998 Paul Anastas da John Warner suka fitar da ƙa'idoji 12 na gudanar da kimiyyar sinadarai ba tare da ɓata muhalli ba. A shekarar 2012 kuma Farid Chemat na Jami'ar Abinyo ta Faransa, tare da Maryline Abert Vian da Giancarlo Cravotto, suka tsara ƙa'idoji shida da suka keɓanta ga tatsar tsirrai. A taƙaice, ƙa'idojin suna neman a yi amfani da tsiron da za a iya sake nomawa, a zaɓi manarki marar guba, a rage cin makamashi, a mayar da tuƙa abin amfani, a rage yawan matakan aiki, sannan a sami sinadarin yadda yake ba tare da ya lalace ko ya gurɓata ba. A kan waɗannan ƙa'idoji aka gina bayanan da ke tafe.

2.0 Abin da Ake Nema a Cikin Tsiro

Tsiro ba ya gudu daga abokin gaba, saboda haka da sinadarai yake kare kansa. Ɗacin maɗaci da yajin barkono da ƙamshin kanumfari da baurin bagaruwa duk makamai ne na korar ƙwari da dabbobi da ƙwayoyin cuta. Idan waɗannan sinadarai suka shiga jikin ɗan Adam sukan yi tasiri, wani lokaci na waraka, wani lokaci na cutarwa. Su ake nufi da sinadarai masu aiki a jiki. Yawancinsu ƙalilan ne a cikin tsiron, kuma a killace suke cikin ƙwayoyin halitta masu bango mai tauri. Aikin mai tatsa shi ne ya fasa wannan bango, ya kuma kawo manarkin da sinadarin zai yarda ya bi.

Tambayoyi uku ne suke jagorantar aikin. Ta farko, da wane manarki? Sinadarai sun kasu gida biyu: masu narkewa a ruwa da masu narkewa a mai. Jan launin zoɓo yana bin ruwa nan take, shi ya sa jiƙo kawai ya wadatar. Yajin barkono kuwa mai yake bi, shi ya sa wanda yaji ya dama bai cika samun sauƙi daga ruwa ba, amma yakan samu daga nono. Tsami da kanwa ma suna sauya lamarin. Uwargida ta san cewa da ta jefa kanwa a zoɓo, jan nan zai rikiɗe ya yi duhu, tsamin kuma ya kwanta.

Tambaya ta biyu, da wane irin zafi? Zafi yana hanzarta tatsa, amma yana lalata wasu sinadaran, wasu kuma su bi tururi su tafi. Tafarnuwa kyakkyawan misali ce. Sinadarin alisin, wanda ke ba ta wari da ƙarfin yaƙar ƙwayoyin cuta, babu shi a cikin ƙwayar tafarnuwar da ba a taɓa ba. Sai an daka ta ne abubuwa biyu da ke ajiye a wurare daban-daban suke haɗuwa su samar da shi. Idan aka dafa ta ɗungurungum kafin a daka, zafin ya riga ya kashe ɗaya daga cikinsu. Ke nan dakakkiyar tafarnuwa da dafaffiya ba magani ɗaya ba ne, ko da daga kai ɗaya aka ɓare su.

Tambaya ta uku, har tsawon wane lokaci? Gajeren lokaci yakan bar sinadarin a cikin tuƙa. Dogon lokaci kuma yana cin makamashi, yana janyo abubuwan da ba a so, ko ya ba iska da haske damar ɓata abin da aka samu.

3.0 Tsohuwar Hanyar Masana'antu da Illolinta

A shekarar 1879 Franz von Soxhlet ya ƙera wata na'urar gilashi da har yau take ɗauke da sunansa. Ana tafasa manarki a ƙasa, tururinsa ya hau sama ya huce, ya ɗiga a kan garin tsiron, ya kwaso sinadari ya koma tukunya, a sake tafasa shi. Haka za a yi ta yi na sa'o'i masu yawa. Hanyar tana tatse tsiro sarai, amma tana shan manarki da wuta, kuma abin da aka tatso yana zaune cikin zafi tun daga farko har ƙarshe.

Manarkin da ya fi shahara a masana'antu shi ne hekzen, wanda ake samu daga tace ɗanyen man fetur. Da shi ake tatsar mafi yawan man waken suya a duniya. Yana da arha, yana kwashe kusan dukkan man da ke cikin iri, kuma yana tafasa a digiri 69 na ma'aunin Salshiyos, don haka raba shi da mai ba wuya. Sai dai yana kama wuta cikin sauƙi, tururinsa yana gurɓata iska, kuma shaƙarsa na tsawon lokaci yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. An ga wannan ƙarara tun shekarun 1960 a tsakanin masu yin takalma a Japan da Italiya, waɗanda suke aiki da gam mai ɗauke da shi. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa ragowarsa a cikin man girki kada ta wuce miligiram 1 a kowane kilo.

Akwai wanda ya fi shi muni. A farkon ƙarni na 20, lokacin da Ludwig Roselius ya fara cire sinadarin kafin daga kofi a birnin Biremen na Jamus, da benzin ya yi aikin, wanda daga baya aka tabbatar yana haddasa sankarar jini.

Bayan guba, akwai matsalar yawan shara. Roger Sheldon ya nuna a farkon shekarun 1990 cewa masana'antun magunguna sukan fitar da shara kilo 25 zuwa fiye da 100 kafin su sami kilo ɗaya na magani, kuma manarkan da aka gama aiki da su ne kaso mafi tsoka na wannan shara. Ko dai a ƙona su, ko a kashe makamashi a sake tace su, ko kuma, inda doka ta yi rauni, su ƙare a magudanan ruwa.

4.0 Darasi Daga Ƙasar Sin

A ranar 23 ga Mayu, 1967, gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na asiri domin neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, domin a lokacin kulorokwin ya fara gazawa a yankin Kudu maso Gabashin Asiya. A shekarar 1969 aka ɗora wa wata masaniyar magunguna, Tu Youyou, jagorancin wani rukuni na masu binciken. Ita da abokan aikinta sun tattara hanyoyin magani fiye da 2,000 daga tsofaffin littattafai da bakin masu maganin gargajiya, suka shiga gwada tsirrai ɗaya bayan ɗaya.

Cikin tsirran akwai Artemisia annua, wanda dangin tazargade ne. Sakamakonsa ya ƙi tsayawa wuri ɗaya: yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Har an kusa ajiye shi, sai Tu ta koma ga wani littafin magungunan gaggawa da Ge Hong ya rubuta a ƙarni na huɗu Miladiyya. Abin da ta lura da shi a wannan karon ba sunan tsiron ba ne, domin ta riga ta san shi. Yadda aka ce a sarrafa shi ne ya ja hankalinta. A al'adar Sinawa tafasa magani ake yi, amma wannan marubuci jiƙawa da matsewa ya ambata, bai kawo zancen wuta ba. Nan ta yi zargin cewa zafin da suke amfani da shi ne yake ɓata musu aiki. Sai ta koma ga manarkin eta, wanda ke narkar da sinadarin sosai, yake kuma tafasa a digiri 35 kacal. A watan Oktoba na 1971, samfuri na 191 ya kawar da ƙwayoyin cutar gaba ɗaya a jikin ɓerayen gwaji. A 1972 aka ware sinadarin atemisinin tsantsa, kuma a 2015 aka ba ta lambar yabo ta Nobel. Magungunan da asibitocinmu suke bayarwa a yau domin zazzaɓin cizon sauro daga wannan sinadari aka samo tushensu.

Labarin yana da wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. Eta yana da haɗari, kuma domin su sami abin da zai isa gwaji a kan mutane, a cikin manyan randunan ruwa suka riƙa jiƙa ganyen, a ɗakunan da iska ba ta ratsawa sosai. Wasu daga cikinsu sun kwanta rashin lafiya, ita kanta Tu ta yi fama da ciwon hanta. Har yanzu kuma mafi yawan atemisinin da ake tatsa daga ganye da hekzen ko danginsa ake tatsar sa. Tun da sinadarin bai cika wuce kashi ɗaya cikin ɗari na busasshen ganye ba, sai an jiƙa ganye mai ɗimbin yawa a cikin manarki mai ɗimbin yawa. Wannan ita ce matsalar da sababbin hanyoyi suke son warwarewa: a sami ingancin da Tu ta samu, ba tare da biyan farashin da ta biya ba.

5.0 Sababbin Hanyoyin Tatsa

5.1 Iskar Kabon a Ƙarƙashin Matsi

Iskar kabon, wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, tana da wata ɗabi'a ta musamman. Idan zafinta ya haura digiri 31, aka kuma matse ta da matsin da ya ninka na iskar duniya kamar sau 73, sai ta shiga wani yanayi na tsaka-tsaki. Tana ratsa garin tsiro kamar iska, tana kuma narkar da sinadarai kamar ruwa. Idan ta kwaso abin da ake so, sai a sassauta matsin, ta koma iska ta rabu da shi, a tara ta a sake amfani da ita. Ba ta kama wuta, ba ta barin ragowar guba, kuma ƙarancin zafin ya dace da sinadaran da ba sa jure wuta. Kurt Zosel na Cibiyar Max Planck da ke Jamus shi ne ya gano amfaninta wajen cire kafin daga kofi a shekarun 1960, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 masana'antu sun karɓe ta. A yau ana tatsar man citta da na sauran kayan yaji da ita, kuma ta yi aiki a kan atemisinin. Rauninta biyu ne. Ta fi son sinadarai masu bin mai, don haka sai an ɗan ƙara mata itanol kafin ta janyo masu bin ruwa. Sannan tukwanen ƙarfen da za su jure irin wannan matsi suna da tsada ƙwarai.

5.2 Ruwa Mai Tsananin Zafi

Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma idan aka rufe shi aka matse, yana iya zama a matsayinsa na ruwa har zuwa digiri 374. Tukunyar matsi ta ɗakin girki, wadda ke kai wa kusan digiri 120, ƙaramin misali ce. Abin sha'awa shi ne, yayin da zafin ke ƙaruwa, halin ruwan yana sauyawa. A wajejen digiri 250 yakan narkar da abubuwa kamar yadda itanol yake yi, wato ya janyo sinadaran da ruwan sanyi ba ya iya taɓawa. Da ya huce kuma sai ya koma ruwa kamar kowane ruwa. Ta hanyar sauya zafi kawai, mai bincike yana iya zaɓar rukunin sinadaran da yake so. Babu manarkin da ya kai ruwa arha da aminci, sai dai hanyar ba ta dace da sinadaran da zafi ke lalatawa ba.

5.3 Sautin da Kunne Ba Ya Ji

Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Dangin wannan sauti ne ake amfani da shi a asibiti wajen hoton ciki. Idan aka aika shi da ƙarfi cikin ruwan da aka zuba garin tsiro, sai ya haifar da ƙananan kumfa masu ɗimbin yawa, su kumbura su fashe nan take. Fashewar tana dukan bangon ƙwayoyin halitta tana tsaga shi, manarki ya sami hanyar shiga. A wata fuskar, daka ce da turmi da taɓaryar da ido ba ya gani. Jiƙon da zai ɗauki yini yakan kammala cikin mintoci, da ruwa ko itanol kaɗan, ba tare da zafi mai yawa ba. Cikin hanyoyin nan biyar, wannan tana daga masu sauƙin kuɗi, domin ƙaramin ɗakin bincike ma yana iya mallakar na'urarta.

5.4 Maikirowef

Wutar murhu daga waje take dafa abu zuwa ciki. Maikirowef kuwa ruwan da ke cikin abin yake girgizawa kai tsaye. Idan aka sa ɗanyen ganye, ruwan da ke cikin ƙwayoyinsa yana zafi ya kumbura ya fasa bango daga ciki, man ƙamshi ya fito tare da tururin ganyen kansa, ba tare da an ƙara ko ɗigon manarki ba. A wani bincike da Chemat da abokan aikinsa suka buga a shekarar 2004 a kan ganyayen ƙamshi, ciki har da na'a-na'a da wani nau'in ɗoɗɗoya, minti 30 na wannan hanya ya ba da man da tsohuwar hanyar tafasawa take bayarwa cikin sa'a huɗu da rabi. Wahalarta ita ce faɗaɗa ta zuwa babbar tukunya, domin zafin ba ya ratsa tarin ganye daidai wa daida.

5.5 Manarkai Daga Abubuwan da Jiki Ya Sani

A shekarar 2003 Andrew Abbott da abokan aikinsa a Jami'ar Lesta ta Ingila suka nuna cewa idan aka cakuɗa gishirin kolin, wanda ake sawa a abincin kaji, da yuriya, wadda manoma suka sani a matsayin taki, sai garin biyu su zama ruwa. Yuriya ita kaɗai sai ta kai digiri 133 take narkewa, amma haɗin yana zama ruwa tun daga digiri 12. A 2011 masu bincike a Jami'ar Laiden ta Holan suka nuna cewa ana samun irin wannan daga sukari da tsamin 'ya'yan itatuwa da makamantansu, har suka kawo ra'ayin cewa tsirrai da kansu suna ajiye wasu sinadaransu a cikin irin wannan ruwa. Waɗannan manarkai ba sa tashi su bi iska, ba sa kama wuta, kuma ana iya tsara su gwargwadon sinadarin da ake nema. Sai dai suna da kauri kamar zuma, kuma da yake ba sa ƙafewa, raba su da abin da suka janyo aiki ne ja.

6.0 Iyakokin Waɗannan Hanyoyi

Sauya manarki shi kaɗai ba ya mayar da aiki mai kare muhalli. Injin da ke matse iskar kabon yana cin wutar lantarki sosai, kuma idan da janareton dizal ake kunna shi, an rage gurɓata a wani gefe an ƙara a wani. Haka kuma ruwan da aka yi tatsa da shi sai an ƙafar da shi kafin a sami gari, ƙafar da ruwa kuwa ya fi ƙafar da hekzen cin wuta nesa ba kusa ba. Don haka ne masana suke auna aikin gaba ɗayansa, tun daga gona har zuwa inda tuƙa za ta ƙare.

Tushen tsiron ma abin dubawa ne. Itacen Prunus africana na tsaunukan Kamaru, wanda ake tatsar ɓawonsa domin maganin kumburin mafitsarar maza, an sassaƙe shi fiye da kima har aka sa shi cikin jerin tsirran da ake sa ido kan cinikinsu a duniya a shekarar 1995. Mai tafiya a ƙasar Hausa ma yakan ga maɗacin da aka sassaƙe ta kowane gefe har ya bushe a tsaye. Komai tsabtar injin, idan itacen ya ƙare, magani ya ƙare.

Haka nan bai kamata a ɗauka cewa duk abin da yake na gargajiya ba shi da aibi ba. Tafasa magani na sa'o'i yana cin itace. Ƙarfin jiƙo kuma yana bambanta daga tukunya zuwa tukunya. Wannan ne ya sa a shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake bayyana cewa ba ta goyon bayan shan shayin ganyen Artemisia a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro. Atemisinin ba ya narkewa sosai a ruwa, kuma shan abin da bai kai kima ba yana barin cutar a jiki, yana kuma iya koya wa ƙwayoyinta jure maganin.

7.0 Abin da Ya Shafi Manazarta Hausa

Da yawa daga cikin ƙa'idojin da aka tsara a 2012 ba baƙi ba ne a gidan Bahaushe. Mai yin ƙuli-ƙuli tana soya gyaɗa, ta niƙa, ta juya da ruwan zafi har mai ya fito, sannan ta mayar da tunkuza abinci. Manarkinta ruwa ne, kuma ba ta zubar da komai. Abin da injin zamani ya fi ta da shi shi ne sauri da awo da kuma kwashe man da ita take bari.

Harshen ma ya rarrabe hanyoyin sarrafawa dalla-dalla. Jiƙo na ruwan sanyi ne da gajeren lokaci. Tsimi na dogon lokaci ne, har ruwan ya tsumu ya sauya ɗanɗano. Tafasawa daban, dafawa har ruwa ya ƙone daban. Sirace yana kama sinadaran da ke bin tururi, turare kuma waɗanda ke bin hayaƙi. Idan mai magani ya ce a shanya a inuwa, kariya ce daga zafin rana da haskenta. Idan ya ce a sha da nono ko man shanu, ya zaɓi mahaɗi mai maiƙo. Idan ya ce da ruwan tsamiya ko da jar kanwa, ya zaɓi tsakanin tsami da kishiyarsa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi amsa ce ga ɗaya daga tambayoyi ukun da aka kawo a baya. Wannan ba ya nufin kowane haɗi yana warkarwa, gwaji ne kaɗai zai tabbatar da haka. Amma mai gwajin yana buƙatar ya san ainihin abin da aka ce a yi.

Tun daga ƙamusun sunayen tsirrai na J. M. Dalziel na shekarar 1916 ake ta aikin daidaita sunayen tsirran Hausa da na kimiyya, kuma an yi nisa. Abin da ya kamata a ƙara wa ƙarfi shi ne taskace aikatau da ma'auni. Ɗalibin da ya je hira da mai magani ya dawo ya rubuta cewa ana amfani da sabara domin ciwon ciki, ya kawo rabin bayani ne. Ganye ne ko saiwa? Ɗanye ko busasshe? Da wane lokaci na shekara ake ɗiba? A tukunyar ƙasa ko ta ƙarfe? Kwana nawa? Da me ake sha? Haka kuma wajen fassara, idan aka tattara jiƙo da tsimi da tafasawa aka ba su kalma ɗaya a wani harshe, an shafe bambancin da wataƙila shi ne maganin. Ya dace kuma a rubuta inda aka samo ilimin da yardar masu shi, domin Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi raba amfani da al'ummar da aka ɗauki iliminta, kuma rubutacciyar shaida ce take kare wannan haƙƙi.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bayyana cewa tatsar sinadarai daga tsirrai ta dogara ne a kan manarki da zafi da lokaci, kuma tsofaffin manarkan masana'antu sun biya buƙata amma sun bar illa ga ma'aikata da muhalli. An yi bayanin hanyoyi biyar da suke rage wannan illa, aka kuma nuna cewa babu wadda ta dace da kowane tsiro, kuma babu wadda za ta amfanar idan ba a kula da makamashi da dazuzzuka ba. Atemisinin ya kai ga asibitocin duniya ne saboda wani marubuci ya rubuta yadda ake sarrafa ganyen daidai, wata mai bincike kuma ta karanta da lura bayan shekaru fiye da 1,600. Masu maganin gargajiya na ƙasar Hausa suna nan da ransu, ana iya zama da su a tambaye su. Rubuta amsoshinsu yadda suka faɗe su aiki ne da ya rataya a wuyan manazarta harshe da al'ada.